Tuƙi cikin ƙanƙara da ƴar wata 14, don Allah ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum ƴan gida. Na san ku can Birnin Kebbi yanzu anka fito sallar asuba, mu nan Winnipeg ta ƙasar Kanada goma ta wuce na dare amma barci ya ƙi zuwa. Shawara nike nema don Allah. Ran Asabar akwai suna a garin Brandon, matar nan ƴar Argungu da na ba ku labari wadda ta zo ta zauna da ni sati biyu lokacin da na haifi Ilham, ita ta sauka, kuma Baban Ilham yana da aiki ranar ba zai samu zuwa ba. Daga nan Winnipeg kilomita 200 ne da ƴan kai, da rani na je sau biyu ni kaɗai lafiya lau. To amma wannan ne hunturuna na farko da mota a hannuna, kuma shekaranjiya wani abu ya same ni wanda har yanzu in na tuna gabana sai ya faɗi. Na ɗauko Ilham daga gidan raino wajen biyar na yamma, duhu ya riga ya yi don yanzu huɗu da rabi rana ta faɗi, na hau wata gada a hankali ko gudun 50 ban kai ba, na ga motar gabana ta kunna jan wuta na taka birki, wallahi motar sai ta ci gaba da tafiya abinta kamar ba ni ke riƙe da ita ba, birkin yana ta karkarwa ƙarƙashin ƙafata yana gurrr, na tsorata na ɗage ƙafa, bayan motar ya ɗan karkace. Allah ya tsare ban bugi kowa ba, na tsaya taku kaɗan da motar mutumin. Titin kuma a ido ba komai a kai, baƙi wuluk kamar an wanke. Ilham tana baya tana cin biskit ɗinta ba ta ma san an yi ba.

Goggo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi ƙara tsarewa ɗiyata. Ni dai ban san ƙanƙara ba sai ta cikin firij, amma in don ta ni ne ki zamna gida, suna ba farilla ba ne

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Alhamdulillah da abin ya tsaya nan. Ni ma maganata ɗaya ce da ta Goggo, ki kira ta ki ba ta haƙuri, wadda ta riƙe ki da jego ba za ta so ki sa kanki da yarinya cikin haɗari saboda ita ba.

Maman Ilham: Yaya na ji, kuma wataƙila hakan zan yi. Amma ko ban je Brandon ba kullum sai na fita da ita, gidan raino da safe, ɗaukowa da yamma, asibiti, cefane, kuma ƙanƙarar nan ba ta tafiya sai wajen ƙarshen Maris ko Afrilu. Ba zai yiwu in kulle kaina wata huɗu ba, gara in koyi abin.

Baban Khalifa: Ƙanwata sannu, Allah ya kiyaye gaba. Hunturuna takwas ke nan a Montreal, nan Kanada, bari in fara da tambaya kafin komai, wane irin taya ke jikin motar?

Maman Ilham: Wanda munka sayi motar da shi Yaya, mai motar ya ce na kowane lokaci ne, rani da sanyi

Baban Khalifa: To nan matsalar ta fara. Wannan da suke cewa na kowane lokaci, da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 robarsa ta fara tauri, ku kuma can sai ku kai 30 ƙasa da sifiri, a irin wannan sanyin tayar ta zama kamar busasshen ƙirgi ba abin da take kamawa. Tayar hunturu robarta ba ta sandarewa kuma zanenta yana da ƙananan tsagu masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Gobe ki duƙa ki duba gefen tayar, in ta hunturu ce za ki ga hoton dutse mai kawuna uku da tauraron dusar ƙanƙara a cikinsa, in babu to ba ita ba ce ko mi mai sayarwa ya ce. Mu nan lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ba ka isa ka hau titi ba tayar hunturu ba sai tara. Ku a lardinku na Manitoba ba a tilasta ba shi ya sa baƙi da yawa suke ɗauka ba ta da muhimmanci, alhali sanyinku ya fi namu. Kuma duka huɗun ake sawa, kada wani ya ce miki biyu na gaba sun isa don a rage kuɗi, in gaba ya kama baya bai kama ba juyawa motar za ta yi da ke.

Baban Khalifa: Abin da kinka gani a gada kuwa shi ne wanda suke kira baƙar ƙanƙara. Ba baƙa ba ce a zahiri, siririya ce garai kamar gilas sai ki riƙa hango kwalta ta cikinta ki ɗauka titi jiƙe yake kawai. Gada ita ke fara daskarewa saboda iska na bi ta samanta da ƙasanta, ba ƙasa a ƙarƙashinta da za ta riƙe mata ɗumi. Haka mahaɗar hanya wurin danja, don tayoyi suna ta tsayawa suna tashi sun goge wurin ya yi sulɓi. Karkarwar birki da kinka ji ba lalacewa ba ce, na'urar birki ce da ake kira ABS ke aikinta, tana kamawa tana saki da sauri don kada taya ta kulle ki rasa sitiyari. Kuskuren shi ne ɗage ƙafar, in ya fara gurrr ɗin nan ki danne ki riƙe, idonki kuma a inda kike so motar ta je ba a abin da kike tsoron bugawa ba.

Kawu Direba: Wanga magana ta ABS gaskiya ce. Mu da munka koyi tuƙi da tsohuwar Fijo 504 dannawa muke muna saki da ƙafa, yanzu motar ita ke yi da kanta. Ni ban taɓa tuƙi cikin ƙanƙara ba amma na san ruwan farko na damina bisa hanyar Jega, in ya haɗu da ƙura da baƙin man da manyan motoci sunka zubar duk rani, titi sai ya koma kamar an zuba miyar kuɓewa. Maganinshi guda ne, komi a hankali, totur a hankali, birki tun daga nesa, kwana kuma a rage kahin a shiga ba a cikinta ba.

Anti Nas: Salam, yanzu na sauko daga aikin dare na ga saƙonni. Sannu Maman Ilham. A littafin dokar hanya na nan Ingila an rubuta cewa tazarar tsayawa in titi ya jiƙe tana ninkawa biyu, in ƙanƙara ce tana iya kaiwa ninki 10. Ki auna wannan da idonki, inda kika saba tsayawa a tsawon mota biyu sai ya zama mota ashirin. Amma ni ba taya ce ta tsaya min a rai ba. Wannan hoton da kika turo ran Juma'a, Ilham cikin jar rigar sanyin nan mai kumburi a kujerar mota, haka kike ɗaure ta kullum?

Maman Ilham: Eh Anti, ai sanyin ba na wasa ba ne, daga ƙofa zuwa mota kawai sai ka ji hancinka ya daskare

Anti Nas: To don Allah daga yau ki daina. Tun ran da na ga hoton nake son in yi magana aiki ya sha kaina. Rigar nan rabinta iska ce, kin ja bel kin ga ya matse kin ɗauka ya kama yarinya, alhali rigar ya kama. Ran da aka yi karo, Allah ya kiyaye, cikin ƙiftawar ido rigar za ta lotse ta zama kamar takarda, sai ga rata tsakanin bel da jikinta, kafaɗunta su zame ta gaba, wani yaron ma fitowa yake gaba ɗaya a bar riga a kujera. Ki gwada da kanki yanzu in ta farka, ki sa mata rigar ki ɗaure ta yadda kika saba, sai ki ɓalle ba tare da kin sassauta igiyar ba, ki cire rigar ki mayar da ita ki ɗaure, ki ga hannunki nawa zai shiga.

Goggo: A'a hwa. Ke kina cewa a tuɓe ma jaririya riga cikin sanyin da anka ce ruwa na zama dutse? Mu nan hunturun da bai kai ya kawo ba, ɗiya in ba a rufe musu kai da ƙirji ba sai limoniya. Wagga shawara ban yarda da ita ba, ku ƴan boko komi sai ku ce bincike

Anti Nas: Goggo Allah ya ba ki haƙuri, ba cewa na yi a bar ta tsirara ba. A sa mata kaya masu laushi marasa kauri hawa biyu ko uku, ƴar ciki mai dogon hannu, suwaita ta ulu wadda ta kama jiki, wando, safa, hula, safar hannu. A ɗauko ta daga ɗaki a nannaɗe cikin bargo, a zaunar da ita a ɗaure bel ya kwanta a jikinta sosai har in kin sa yatsu biyu kina son tsunkuno igiyar a wajen kafaɗa ki kasa, maɓallin ƙirjin kuma ya zo daidai hammata ba kan ciki ba. Bayan an ɗaure sai a lulluɓa bargon a sama, ko ita wannan jar rigar a juya ta a zura mata hannuwa ta gaba kamar bargo. Ɗumin yana nan bai je ko'ina ba Goggo, wurinsa kawai aka canza, ya koma saman bel maimakon ƙasansa. Har ma ya fi, don in hita ta ɗumama mota sai a yaye bargon, amma yaro cikin waccan rigar gumi zai ta yi ba halin cirewa, ya fito da jiƙaƙƙen jiki cikin iska.

Goggo: To in da bargo bisa ai da sauƙi. Amma ni har ga Allah da wani ne ke tuƙin ita ta rungume ɗiyarta a baya da hankalina ya fi kwanciya, ba abin da ya kai jikin uwa

Kawu Direba: Yaya ki gafarce ni, nan kam ba ni bin bayanki. Shekaru da dama da sunka wuce lokacin hazo, na taso daga Yauri da sassahe zan zo Birnin Kebbi, hazon ya yi kaurin da ko bonet ɗina da ƙyar nike gani, mun wuce Koko kaɗan sai ga wata babbar mota ta lalace an bar ta bisa titi ba ko ganye da anka aza. Gudun da nike bai kai komi ba don na rage sosai, na taka birki munka ɗan daki bayanta. Ba wanda ya karye cikin manya. Amma akwai wata mata a gidan gaba da yaronta bisa cinya, ta riƙe shi da hannu biyu ina ganinta, wallahi ban ga lokacin da ya bar hannunta ba sai ƙarar goshinshi na ji a gilas. Yaron ya rayu alhamdulillah, anka yi mai ɗinki, amma kukan da matar nan ta yi tana cewa na riƙe shi, wallahi na riƙe shi, har yau yana kunnena. Tun ran nan ban sake ɗaukar mai goyo a gaba ba ko za a yi faɗa a tasha.

Anti Nas: Allah sarki. Kawu ba laifinta ba ne, ba hannun da zai iya. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar daga bene hawa uku. Wa zai faɗo daga nan ya ce zai riƙe yaro?

Goggo: Subhanallah. Ban taɓa jin wanga labari bakinka ba

Yaya Babba: Ai ko nan ƴan kiyaye haɗurra kullum faɗa suke yaron da bai kai shekara 12 ba kada a sa shi gaba, mu ne ba mu ji. Ni kaina jiya da Abba a gaba na kai su makaranta, yana tsaye ma yana riƙe da dashbod.

Maman Ilham: Anti na gwada. Ta farka shan nono na ce bari in yi yanzu tunda kujerar tana falo na shigo da ita. Wallahi da na cire rigar na mayar da ita, hannuna gaba ɗaya har wuyan hannu ya shige tsakanin ƙirjinta da igiyar, da sauran wuri. Jikina rawa yake. Haka na hau gadar nan da ita.

Anti Nas: Ki gode wa Allah da ya nuna miki a falo. Kujerar baya take kallo ko gaba?

Maman Ilham: Baya take kallo, amma Babanta ya ce mu juya ta don ƙafafunta sun fara taɓa jikin kujera kuma in tana kuka ba na ganin fuskarta

Anti Nas: Kada ku juya. Ƙafa ta lanƙwashe ba komai ba ne, yara haka suke zama ko a ƙasa. Kan yaro a wannan shekarun ya yi wa wuyansa nauyi, in tana kallon baya aka yi karo kujerar ce ke tallabe kai da wuya da baya gaba ɗaya, in tana kallon gaba kan ne zai fizga shi kaɗai. Ku duba takardar da ke manne a gefen kujerar akwai iyakar nauyi da tsawo, sai ta kai wannan. Kuka kuma in ya yi yawa ki nemi wuri mai kyau ki tsaya, kada ki waiwaya kina tafiya, a kan ƙanƙara waiwaye ɗaya ya isa.

Baban Khalifa: Komawa maganar Brandon. Ni ba zan ce miki har abada kada ki bi hanyar ba, amma ba wannan Asabar ɗin ba, da wannan tayar, ke kaɗai, a hunturunki na farko. Babbar hanya mai lamba 1 da za ki bi ta Portage la Prairie fili ne fetal ba dutse ba daji, in iska ta taso tana kwasar dusar da ke ƙasa tana watsawa a titi sai ki rasa gane ina titi ina gona ko da sama ba ta zubar da komai, Kawu kamar hazonku ne amma fari kuma ƙasa da santsi. Sau da yawa rufe hanyar ake yi gaba ɗaya. Akwai 511 na Manitoba, a waya ko a intanet, yana nuna wace hanya ce a buɗe wace ce ta daskare, ki saba dubawa ko cikin gari za ki. Kuma ki yi lissafin dawowa, in an ci abincin suna an yi azahar an yi hira kin taso uku, ƙarshen hanyarki a duhu za ki yi.

Baban Khalifa: Abu na ƙarshe da nike so ki riƙe ko da kin manta sauran, don wannan shi ke kashe mutane shiru. In mota ta taɓa maƙalewa da ku cikin dusa, ko da safe kin tarar dusa ta rufe ta, kada ki sa Ilham ciki ki tada inji ki ce tana jin ɗumi ke kina sharewa. Fara duba salansa tukun, in dusa ta toshe bakinsa hayaƙin ciki yake komawa, kuma gubar da ke cikinsa ba wari ba launi, yaro barci kawai zai yi kuma shi take fara kamawa kafin babba. Ki share bayan motar sosai sannan ki tada. In a hanya kunka maƙale ku zauna cikin mota kada ki ce za ki taka ki nemi taimako, ki kira lambar gaggawa ta 911, ki riƙa tada inji kamar minti 10 a kowace awa, gilas a ɗan sassauta, kina fita kina duba salansar. Shi ya sa ba a barin tanki ya yi ƙasa da rabi. A irin iskar da ke kai sanyi 28 zuwa 39 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, ta yaro ba a ma magana.

Maman Ilham: Ya Salam, wallahi haka nike yi kowace safiya Yaya, in sa ta ciki in kunna hita in ɗauki buroshi. Ban taɓa kallon salansa ba ko sau ɗaya.

Baban Khalifa: Yawancinmu haka munka fara, ba wanda ke gaya maka a filin jirgi. Ki ajiye jaka guda a cikin motar ba a but kaɗai ba don wani lokacin but ɗin daskarewa yake ya ƙi buɗuwa, bargo biyu, famfas, kayanta na canji, abin da za ta ci, caja, tocila, ƙaramin shebur. Ruwa da madara kuwa ki riƙa fita da su daga gida kullum, in sun kwana a mota dutse za ki tarar. Ruwan waifa ki sayi mai rubutun 40 ƙasa da sifiri, kuma kada ki kuskura ki zuba ruwan zafi a gilas tsagewa zai yi. In kun sa tayar ku nemi filin ajiye motoci da ba kowa ran Lahadi da safe, ke da Baban Ilham, yarinya a bar ta wurin maƙwabta, ki taka birki da ƙarfi a gudu kaɗan sau goma sha, har ƙafarki ta saba da karkarwar nan ta daina gudunta.

Kawu Direba: Wanga shi ne koyon mota na gaskiya. Mu ma a hilin idi anka koya muna

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na yi magana da Baban Ilham yanzu da ya shigo, ya karanta duka, ya ce gobe zai kira masu taya ya ji yaushe za su ba mu lokaci, kuma ba za a juya kujerar ba. Mai jegon zan kira ta da safe, akwai wasu ƴan Sakkwato da za su je daga nan sai in ba su kayan barka su kai, mu sai mu je tare da shi in hanya ta yi kyau ko da bayan arba'in ne.

Goggo: Madalla, Allah shi yi muku albarka, ki shafa min kan Ilham. Ki gaishe da mai jego ki ce Goggonki ta ce Allah shi raya

Yaya Babba: Anti, ita kujerar nan akwai wadda za ta yi wa ɗan shekara 3 da ƴar wata 7? Kuma motata tsohuwar Corolla ce, za ta zauna ko sai sabbin motoci?

Anti Nas: Za ta zauna Yaya, da bel ɗin bayan ake ɗaure ta, in dai bel ɗin yana aiki. Ka fara zaro su daga ƙarƙashin kujera don na san an tura su ciki, ka ja ka ga suna kamawa. In ta hannu za ka saya ka duba ba tsagewa, igiyoyinta cikakku, kuma ka tambaya ko an taɓa yin haɗari da ita. Ka turo min nauyin kowannensu da hoton kujerar bayan motar.

Yaya Babba: To bari in an taso daga makaranta in biya kemis a auna min su